Na Sayar da Motar, Na Riƙe Igiyar

Mahaifina dillalin dabbobi ne a wani ƙauye na ƙasar Damagaram, kuma kowa a kasuwa ya san dokarsa: ba ya sayar da dabba da igiyarta. Jaki ne, raƙumi ne, akuya ce, da zarar ya ce ya sallama sai ya kwance igiyar daga wuyanta ya naɗe a hannu. Yakan ce arzikin garke a igiya yake, in ka bari ta tafi ka sallama har da na gobe. Amma kafin ya kwance sai ya dubi mai saye ya ce, "Ka zo da taka?" In bai zo da ita ba, nan zai zauna ya tufka masa sabuwa da kaba, ko da sun kusa dambe wajen ciniki.

Na kawo wannan ne saboda wata mota da na sayar a Madina farkon shekarun tamanin, wadda har yau in na tuna ta sai abinci ya fita raina.

Ni makanike ne. Na zo ƙasar da iƙama, takardar zaman baƙo, ina aiki a warsha, wato garejin wani Balarabe wanda shi ne kafilina, ubangidan da ya tsaya min a hukuma, muna zaune ni da matata a ɗaki biyu a Harra ta Yamma. Wanda bai taɓa ganin harra ba, to baƙin dutse ne ƙonanne, mai kaifi kamar fasasshiyar kwalba, ya shimfiɗu bayan gari iya ganinka. A cikinsa akwai makiyaya da awakinsu, kuma ba hanyar da mota za ta kai musu ruwa. Nan na hango abincina.

Motar a wurin da ake zubar da matattun motoci na tsince ta, tsohuwar a-kori-kura, wadda a can ake ce wa wanet. Tana da dabal, wato giyar da ke sa ƙafafu huɗun su ja tare, shi ne kaɗai abin kirki da ya rage a jikinta. Shekara biyu na yi ina ginin ta bayan an tashi aiki. Na ƙara mata sifirin har ta ɗaga sama da taƙi guda. Na sa mata manyan tayoyi, da suka ƙi shiga na yanke bodin da zarto na ba su wuri. Na yanko ƙarfen tsohon tankin ruwa na liƙa mata a ciki don kada dutse ya farke ta. Na yi wa haƙoran baya walda yadda tayoyin biyu za su riƙa juyawa tare, ko ɗaya na rataye a iska. A kwalta, in za ta sha kwana, kuka take yi har mutane su waiwayo. A gaba kuma na ɗaura mata winshi, injin da ke naɗe igiyar ƙarfe mai ƙugiya a baki. In ta maƙale, sai in ja igiyar in maƙala a wani dutse, ta jawo kanta ta fito. Na ɗinka wa winshin riga ta tamfol saboda ƙura.

Mummuna ce, ban musa ba. Amma wallahi inda take taka ƙafa, jaki ma sai ya tsaya ya yi shawara. Kowace Alhamis nakan ɗora gangunan ruwa da buhunan sha'ir, in bi ta bayan masallacin Ƙiblatain, inda kwalta ta ƙare in tsaya in rage wa tayoyi iska, in sa ta a ƙaramar giya in bar ta ta yi rarrafe. Hawan harra ba ya son zafin ƙafa. Sauka kake yi ka duba, ka ɗauko dutse ka cike rami, ka koma ka matsa taku uku, ka sake sauka.

Aibinta ɗaya, kuma ba a ƙarfe yake ba. Irina mai iƙama ba a rubuta masa motar kaya da sunansa, don haka istimara, takardar mallaka, da sunan ƙanin matata aka yi ta. Shi haifaffen Madina ne, yana da takardar ƙasa. Iyayensu daga Kano suka zo aikin hajji tun da daɗewa suka zauna. Yana jin Hausa sarai, har habaici yana ganewa, amma tun da na san shi bai taɓa amsa min da ita ba. Ka yi masa Hausa ya mayar maka da Larabci yana gyara zaman gutura, ƙyallen nan na Larabawa, a kansa. A al'ada ƙanin mata abokin wasa ne, to shi ya mayar da wasan wuƙa. In na shigo gidan surukata da baƙin mai a farce sai ya toshe hanci ya ce warsha ta iso. Motar kuwa ƙwaro yake ce mata. Sau ɗaya na taɓa ɗaukar sa zuwa harra, muka maƙale, na nuna masa yadda ake jan igiyar winshi a maƙala a dutse. Yana tsaye da farar riga yana dariya, ko hannu bai sa min ba.

Wata rana kafilina ya kira ni gefe. Ya ce an tsananta bincike, baƙon da aka kama yana ɗaukar kaya don kansa jirgi za a sa shi, shi kuma a ci shi tara. Ya ce in rabu da motar kafin wata ya mutu, ko in nemi wani kafilin. Mutumin kirki ne, gaskiya ya faɗa min. Na fita bayan warsha na zauna a kan taya.

Na fara kai ta haraj, kasuwar gwanjon motoci. Kai, ranar na sha takaici! Dillalin ya zagaya ta sau biyu, ya leƙa inda na yanke bodi, ya tambayi jama'a wane kare ne ya ci gefen motar nan. Aka kwashe da dariya. Wani mai tumbi ya ce in zan cire tarkacen da na liƙa mata, in mayar da ita yadda kamfani ya yi ta, zai taya. Tarkace! Mutumin da ko taya bai iya canzawa ba. Na ce masa da Hausa Allah ya sawwaƙe maka, na ja abata na fito tana kuka a kwana, suna ta tafi.

Mai sayen gaskiya yana can cikin harra. Wani tsohon makiyayi ne da nake kai wa ruwa, siriri, mai ƙarancin magana. Shekara da shekaru shi ke shiga gabana a ƙasa yana nuna min inda zan ɗora taya, da hannu kawai, ba baki. Da na gaya masa halin da ake ciki, ya dafa bonet ya ce yana so, kuma ɗansa babba ya iya tuƙi. Ban ko ja ciniki ba. Na san a hannunsu za ta tsufa, ba wanda zai takura mata. Abin da nake so ke nan a duniya a lokacin: in dai ba ni ba, to ta je hannun wanda ya san darajarta. Saura sa hannun mai suna a takarda.

Ranar Juma'a bayan an ci shinkafa a gidan surukata a unguwar Sih, na kawo maganar. Ƙanin matata yana kishingiɗe yana sakace. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce da Larabci ba zai sa hannu ba.

Na ce, "Saboda me?"

Ya ce abokansa sun fara fita daji ranar hutu, kowa da motarsa, kuma ya lura ba wadda ke hawa inda ƙwaron nan ke hawa. Shi zai saya.

Na ce, "Kai da ka ce ƙwaro ce?"

"Aiwa, ya nasibi," in ji shi, wato na'am surukina, yana murmushi. Ya ce ai ƙwaron ma da sunansa yake. In na ga dama in karɓi abin da zai ba ni, in ban ga dama ba ya je ya ɗauki motarsa da takardarsa, ya ga wanda zai hana shi.

Na miƙe tsaye na ce, "Motarka? Kai ka san nauyin sifana? Shekara biyu ina ƙona idona da walda kana yawon shan shayi, yau ka ce motarka? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!"

Ko gezau bai yi ba. Surukata ce ta ce, "Haba Malam, zauna mana. Gida bai ƙoshi ba a kai wa dawa? Ƙaninka ne fa." Matata tana bakin ƙofa da tire a hannu, ta kafe ni da ido irin na roƙo. Na duba ɗakin nan, kowa na da takardar zama daram sai ni. Na zauna. Na ce na sallama, kuma kalmar ta fito min kamar ana cire min haƙori. Abin da ya bayar ba zan faɗa ba, don kada raina ya sake ɓaci.

Da na je na gaya wa tsohon makiyayin, bai yi fushi ba. Ya ce rabo ne. Wannan haƙurin nasa ya fi zagi yi min ciwo.

Ranar Laraba da la'asar, ana gobe zan miƙa ta, na shigar da ita warsha na wanke ta tas. Na canza mai, na ɗaure duk abin da ya saki. Sannan na tsaya a gabanta ina kallon winshin, sai maganar mahaifina ta faɗo min. Ba a sayar da dabba da igiyarta. Na cire rigar tamfol, na warware igiyar ƙarfen gaba ɗaya, na kwance ta daga gindi, na naɗe na cusa a buhu. Na mayar da rigar na ɗaure yadda take, ba mai cewa an taɓa.

Na daɗe ina gaya wa kaina al'ada na bi, kuma akwai gaskiya a ciki. An ƙwace min mota, ba zan bari a tafi da arzikina ba. Amma lokacin da nake ɗaure tamfol ɗin nan wani daɗi na ji a raina, mai ɗaci, kuma na san ba daɗin al'ada ba ne. Na ce a zuciyata bari ya maƙale sau ɗaya, ya aiko a kira ni, in zo da igiyata a kafaɗa a gaban abokansa. Iyakar muguntar da na shirya ke nan. Matata ta ga na shigo da buhu mai nauyi na tura ƙarƙashin gado, ta tambaya, na ce kayan aiki ne.

Da safe ƙanin matata ya zo da sabuwar riga da takalmi fade, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na yi abin da addini ya ce, na lissafa masa aibobinta: birki yana ja hagu, lagireto yana zafi in an matsa mata, kada ya sa babban yatsa cikin sitiyari don in taya ta bugi dutse zai karya shi. Na ce ya rage iska, ya sauka ya duba kafin ya hau. Yana ta "ɗayyib, ɗayyib", wato to, to, yana kaɗa makulli. Da zai shiga ya bubbuga rigar winshin da tafin hannu, kamar mai shafa kan doki. Tambayar mahaifina ta zo min har bakin leɓe. Ka zo da taka? Kalma huɗu. Na dubi murmushin nan nasa, na haɗiye ta.

Ashe ba gida ya nufa ba. Kai tsaye ya wuce Ƙiblatain, shi kaɗai, don ya gwada ta kafin ya nuna wa abokai. Tsakiyar bazara ne, lokacin da ƙarfen ƙofa ma ba ya taɓuwa da rana.

Dab da magariba wani maƙwabcin surukata ya zo ya buga mana ƙofa, ya ce an kai ƙanin matata asibiti. Tsohon makiyayin ne ya tsince shi a bakin harra yana jan jiki, ya ɗora shi a jaki ya fito da shi kwalta. Dutse ya cinye takalman tun da wuri, sauran tafiyar da ƙafa tsirara ya yi ta a kan baƙin dutsen da rana ta gasa. Matata ta ɗora hannu a ka tana salati. Ni kuwa, Allah ya gani, abin da ya fara fita bakina shi ne, "Motar fa?" Ta juyo ta dube ni, ta ɗauki mayafinta ta wuce.

Washegari da sassafe na je wurin tsohon, ya kai ni a ƙasa. Mun yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya ya nuna da haɓa. Tana can ƙasan wani kwazazzabo, kwance a gefenta, tayoyi biyu a sama, baƙin mai ya tsiyaye a kan dutse. Na gangara ina zamewa. Da na duba sawu na karanta komai. Tayar gaba ce ta faɗa tsaga, abin da ya same ni ya fi a ƙirga. Da igiya, aikin minti goma sha biyar ne. Taku goma daga wurin akwai wani dutse tsayayye, wanda ko ni shi zan zaɓa in maƙala ƙugiya, kuma ga alamar an share ƙananan duwatsun gindinsa da hannu. Rigar tamfol tana yashe a can sama, an kwance ta a hankali, ba yagewa ta yi ba. Wato ɗan banzan nan ya riƙe abin da na nuna masa ranar da yake dariya. Ya sauka, ya zaɓi dutse, ya buɗe winshi, ya tarar da shi wayam. Sai bayan nan ya koma ya yi ta ba ta wuta gaba da baya, har ta zame ta kife, Allah ya sa ya yi tsalle.

Tsohon ya tsuguna a bakin kwazazzabon yana kallon winshin. Ya san motar kamar yadda ya san awakinsa. Ya dube ni, ya tofar da yawu gefe, ya tashi ya kama hanya. Babu abin da zai iya shiga wurin ya ciro ta. Mota ɗaya ce a garin da za ta iya kaiwa can, kuma ita ce ke kwance.

Ƙanin matata ya yi kwanaki a asibiti, aka yanke masa yatsu biyu na ƙafar hagu. Da aka dawo da shi gida na je dubiya, don ba yadda zan yi. Yana kwance a tsakar ɗaki, ƙafafu naɗe da bandeji, surukata a gefensa tana masa fifita, matata tana zuba shayi. Na yi sallama, na ce ya jiki. Na shirya wa zagi da Larabci, har na tanadi amsa.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya buɗe baki, da Hausa, Hausar Kano tsantsa irin ta uwarsa, ya ce, "Yaya, ina igiyar?"

Tun da nake da shi ban taɓa jin Hausa a bakinsa ba, balle ya ce min Yaya. Da na yi shiru ma da ya fi, amma taurin kai ya hana. Na ce, "A garinmu ba a sayar da dabba da igiyarta."

Surukata ta ajiye mafici. Tsohuwa ce da ta yi kiwon awaki kafin ta taɓa ganin jirgi. Ta ce, "Haka ne, Malam, mu ma haka muke yi. Amma ka tambaye shi ko ya zo da tasa?"

Matata ta ajiye butar shayi ta fita. Da na koma gida na tarar ta riga ni, ta jawo buhun daga ƙarƙashin gado ta zazzage igiyar a tsakar ɗaki, ta zauna a bakin gado tana jira na. Ba ta yi ihu ba, ba ta nemi saki ba. Cewa kawai ta yi, "A kanta na kwana ranar da yake tafiya a dutse?" Na ce da rana ya yi tafiyar. Kun ji irin amsar da na bayar. Mun ƙara shekaru masu yawa tare, ta haifa min 'ya'ya, amma daga ranar ba ta sake tambaya ta me ke cikin wani buhu ba, ni kuma na san dalili.

Kada wani ya ɗauka mun shirya da ƙanin nata. Ƙwace ya yi min, kuma har gobe ƙwace nake kiran sa. Ya koma Larabcinsa, ni ma ban ƙara neman Hausarsa ba. Sai dai duk sallar idi in muka haɗu a gidan tsohuwar, ina jin tahowarsa tun daga soro, ƙafa ɗaya tana ja, in rasa inda zan sa idona.

Igiyar tana nan. Na taho da ita da na dawo gida, na biya mata kuɗin awo a filin jirgi ana yi min kallon mahaukaci. Tana rataye a ɗakin ajiya, ta yi tsatsa, ƙugiyar ma ta daina motsi. Mahaifina ya ce arziki a igiya yake zama. Ban sake mallakar mota ba tun daga ranar, kuma ban taɓa ɗaure komai da ita ba.